Ƙurajen da ake tashi da su da safe: sauro ne, ƙazuwa ce, ko kuɗin cizo?

Wai mene ne yake sa mutum ya kwanta lafiya lau ya wayi gari da ƙuraje a hannu da wuya da gadon baya, ga ƙaiƙayin da ba ya bari a zauna? Tambayar nan tana yawan tasowa idan zafi ya shigo, ko yara sun dawo hutu daga makarantar kwana, ko an yi baƙi a gida. Wani ya ce sauro ne, wani ya ce borin jini ne a daina ba shi kifi da ƙwai, wata ta ce ai ƙazuwa ce a raba shi da sauran yara, daga nan sai a nufi kemis a haɗo magani kala uku har da allura, abin ya ɗan lafa kwana biyu sannan ya dawo sabo fil. Sau da yawa amsar ita ce wadda ba a son a furta, wato kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi. Ba a son a furta ne saboda an ɗauka abin kunya ne, alamar ƙazanta ce, kuma kunyar nan ita take sa a yi wata uku ana maganin fata alhali matsalar tana nan kwance a ɗinkin katifa.

A ƙarshen 2023 maganar ƙwaron nan ta cika kafafen labarai, lokacin da bidiyoyinsa a kujerun jirgin ƙasa da gidajen sinima na birnin Paris suka yi ta yawo a waya ana saura watanni a fara gasar Olamfik ta 2024. Mutanenmu da yawa sun yi mamaki, wai har Faransa akwai kuɗin cizo? Akwai shi mana, kuma mamakin da aka yi ɗin shi ya nuna cewa mun daɗe muna zaune da ƙwaron amma ba mu san shi sosai ba.

Wane irin ƙwaro ne, kuma me yake yi wa fata?

Kuɗin cizo ƙwaro ne da ba shi da wani abinci sai jini. Babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, kusan girman ƙwayar dawa amma shi a shafe yake, launin ƙasa-ƙasa, idan ya sha jini sai ya kumbura ya yi ja. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, rarrafe kawai yake yi amma da sauri. Iri biyu ne suke damun ɗan Adam, akwai na ƙasashe masu sanyi akwai na ƙasashe masu zafi irin namu, amma ga wanda aka ciza duk ɗaya ne.

Da rana yana ɓoye, sai dare ya raba mutum ya yi nisa a barci yake fitowa, numfashin mai barci da ɗumin jikinsa su ne suke janyo shi. Yakan ɗauki kamar minti 3 zuwa 10 yana zuƙa. Dalilin da ya sa ba ka jin sa lokacin da yake aikin shi ne yawun da yake zubawa cikin fata yana ɗauke da abin da ke kashe zafin wurin da kuma abin da ke hana jini daskarewa. To ƙurjin da kake gani daga baya ba dafi ba ne, jikinka ne yake faɗa da wannan yawun. Wannan bayanin shi yake warware abin da ke haɗa rigima a gidaje da yawa, miji da mata suna gado ɗaya, ita jikinta duk ya yi rudu-rudu shi kuwa ko ɗigo babu, sai ya ce ai da ƙwaro ne da ni ma ya cije ni, jininki ne kawai. Wallahi shi ma ana cizonsa, jikinsa ne bai nuna ba. Akwai mutane da yawa da cizon ba ya fito musu ko kaɗan, musamman tsofaffi, akwai kuma waɗanda sai bayan kwanaki yake fitowa, har yakan kai mako 2. Shi ya sa mutum zai kwana a masauki a wani gari, sai ya dawo gida da kwana biyar ƙurajen su bayyana ya fara zargin ɗakinsa.

Macen takan yi ƙwai 1 zuwa 5 a rana, a rayuwarta kuma tana iya yin ɗaruruwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana 6 zuwa 10, ɗan kuma sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. Sannan yana iya yin watanni bai ci komai ba yana nan da ransa. Don haka rufe ɗaki a ƙaura na mako biyu wai yunwa ta kashe su ba ya aiki.

Yadda ƙurajen suke a irin fatarmu

Yawancin hotunan da za ka gani a intanet na farar fata ne, jajayen ɗigo a fili. A baƙar fata ba haka yake ba, kuma nan ne ake yawan ɓata. A jikinmu ƙurjin yakan fito ne a ɗan tashe, wani lokaci launinsa ɗaya da fatar sai ka shafa za ka ji shi, wani lokaci ya fi fatar duhu ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, a tsakiyarsa kuma akan ga ɗan ɗigo inda bakin ya shiga. Masu hasken fata su ne za su ga jan sosai.

Abu biyu ne suka fi taimakawa wajen ganewa, wurin da ya fito da kuma tsarinsa. Wurin shi ne inda tufafi bai rufe ba lokacin barci, fuska, wuya, kafaɗa, hannu, ƙwauri, da gefen jikin da ya taɓa katifa ko tabarma. Tsarin kuma sau da yawa a jere yake, uku ko huɗu a layi ɗaya ko a karkace, ko a cure wuri guda, saboda ƙwaron yakan ciji nan ya matsa gaba kaɗan ya sake cizo. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da safe, kuma kullum ana ganin sababbi yayin da na jiya suke bushewa. Wasu, musamman yara, jikinsu yakan yi fushi sosai har wurin ya yi bororo da ruwa a ciki.

Idan ba a sosa ba kuma ba a sake cizo ba, cikin mako 1 zuwa 2 yake bajewa da kansa. Amma a fatarmu yana barin baƙin tabo wanda yakan ɗauki watanni kafin ya washe, kuma susa ita take ƙara masa duhu. Tabon nan ya fi ƙurjin kansa damun 'yan mata da iyayen yara, shi yake tura su wajen masu haɗa mai, zan dawo kan wannan.

Abubuwan da ake rikita shi da su

Sauro yana cizo ko'ina ya samu, a warwatse, kumburin yana fitowa nan take ya baje cikin kwana ɗaya ko biyu, ga kukansa kana ji. Idan kana cikin gidan sauro mai kyau wanda bai yage ba amma kullum kana tashi da ƙuraje, to ka fara duba cikin gidan sauron kansa, kusurwoyinsa na sama da ɗinkinsa wuri ne da kuɗin cizo ke son zama. Ƙuma ita kuma ƙafa take bi, idon sawu da ƙwauri, kuma ta fi yawa a gidan da ake da kyanwa ko kare ko ɓeraye. Ƙurajen zafi ƙanana ne birjik a wuya da ƙirji da inda gumi ke taruwa. Borin jini yana tashi faffaɗa ya ɓace cikin awanni ya sake ɓulla a wani wuri, ba ya tsayawa wuri ɗaya kwanaki.

Wadda ya kamata a tsaya a kanta ita ce ƙazuwa, don ita ce aka fi rikitawa da shi, kuma maganinsu ya sha bamban. Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana shiga cikin fata ya zauna ya yi ƙwai a ciki. Ita tana son wuraren da suke a ɓoye, tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu inda ake ɗaura zani ko tazuge, ɗuwawu da al'aura, ƙaiƙayinta kuma da dare yake tsananta, sannan tana bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ta hanyar haɗa jiki da shimfiɗa. Ita dole sai an yi magani, akwai man da ake shafe jiki da shi daga wuya zuwa ƙafa irin su permethrin ko benzyl benzoate, kuma duk 'yan gida ake yi wa lokaci guda. Kuɗin cizo kuwa ba ya zama a jikin mutum sam, yana gama sha yake komawa maɓoyarsa. Ka ga idan aka shafe yaro da maganin ƙazuwa alhali kuɗin cizo ne an wahalar da fatarsa a banza, idan kuma ƙazuwa ce aka tsaya feshin ɗaki to za ta gama da gidan kaf. A makarantun kwana da makarantun allo ma sau da yawa duka biyun ake samu a jikin yaro ɗaya.

Ƙwarƙwatar jiki ita a ɗinkin riga da wando take zama, a nan za a duba. Sannan duk ƙurajen da suka zo tare da zazzaɓi, ciwon kai, jan ido ko kaluluwa, a daina maganar ƙwaro a tafi asibiti, don ƙyanda da ƙarambau da ƙyandar biri duk da ƙuraje suke zuwa, cizon kuɗin cizo kuwa shi kaɗai ba ya kawo zazzaɓi.

Shaidar tana gado, ba a fata take ba

Ko likitan fata ba zai kalli ƙurji kawai ya rantse cewa kuɗin cizo ne ba, kuma babu wani gwajin jini da ake yi a tabbatar. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ga ƙwaron ko alamarsa. A ɗauki tocilan ko fitilar waya a yaye zanin gado a bi ɗinkin katifa a hankali, a ɗaga ta a duba ƙasanta, a duba mahaɗar katakon gado da ramin kusoshi, bayan allon gado, naɗin tabarma, ƙasan ledar ɗaki ko kafet ta gefen bango, tsagar bango da inda fenti ko siminti ya ɓare, kujerun kushin, labule, bayan hoto ko kalandar da aka rataye. Abin da ake nema shi ne baƙaƙen ɗige-ɗige da suka taru wuri guda, kashinsu ke nan, idan ka goga da jiƙaƙƙen tsumma sai ya yi jirwaye. Akwai ɗigon jini a zanin gado ko a rigar filo, akwai ɓawon saɓarsu, akwai fararen ƙwai 'yan ƙanana kamar milimita 1 manne a lungu. Idan sun yi yawa ɗakin ma yana da wani irin wari da duk wanda ya taɓa murje ɗaya ya san shi. Wanda bai gani da rana ba ya tashi wajen ƙarfe uku na dare ya haska shimfiɗar ba zato.

Yana sa cuta ne?

Wannan ma ana yawan tambaya, tunda jinin wani yake sha ya zo ya sha naka. An daɗe ana bincike a kai, kuma matsayar hukumomin lafiya, har da CDC ta Amurka, ita ce ba a san kuɗin cizo da yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba. Ba ya kawo maleriya, ba ya kawo ƙanjamau. A wannan fannin sauro ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa abin takaici ne a ga an cire gidan sauro an jefar wai shi yake tara kuɗin cizo, a bar yara a fili. A wanke shi a kashe ƙwarin a mayar, kada a rabu da shi.

Amma cewa ba ya yaɗa cuta ba ya nufin ba ya cutarwa. Babbar illar daga susa take zuwa, farce ya yage fata ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya koma gyambo yana ruwa ko mugunya, ga yara abin yana saurin bazuwa, ga mai ciwon suga kuma ƙaramin ciwo a ƙafa ba abin wasa ba ne. A gidan da suka yi katutu, jariri ko tsoho ko mara lafiyar da ke kwance kullum suna iya samun ƙarancin jini. Ga kuma rashin barci wanda mutane suke rainawa, ɗalibin da yake kwana susa yana gyangyaɗi a aji, uwar da take kwana haska yara da tocilan, mutumin da ko an kashe ƙwarin yana ji kamar abu na bin jikinsa. Wannan wahala ce ta gaske, bai kamata a ce wa mai ita ai ƙwaro ne kawai ba.

Maganin ƙurajen

Maganin ba shi da tsada kuma ba shi da yawa. A wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ban da goga soso. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ko a naɗe ƙanƙara a ciki, a ɗora kamar minti 10, yana rage kumburi da ƙaiƙayi sosai. Ruwan kalamin ɗin nan mai ruwan hoda da ake shafa wa masu ƙarambau yana taimakawa. Idan ƙaiƙayin ya ƙi, akwai man da aka rubuta hydrocortisone 1% a jikinsa, a shafa kaɗan sau 1 ko 2 a rana a kan ƙurjin kawai, kada ya wuce mako guda, kada a sa a inda ya fashe, fuska da jikin ƙananan yara kuma sai an tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Ga na sha akwai cetirizine ko loratadine, akwai kuma Piriton wanda kowa ya sani, shi yana sa barci don haka da dare ya dace, direba da ɗan acaɓa da mai aiki da inji su kiyaye shi da rana. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ba su sai da shawarar ma'aikacin lafiya. A yanke wa yara farce ƙasa-ƙasa, a sa musu riga mai dogon hannu da wando idan za su kwanta.

Shi ke nan fa. Ba ya buƙatar allura, ba ya buƙatar ƙarin ruwa, ba ya buƙatar maganin wankin jini ko na basir ko na sanyi, ba ya buƙatar kafso na kashe ƙwayoyin cuta sai idan wurin ya ruɓe kuma likita ne ya ga haka. A je asibiti idan wurin ya kumbura yana zafi yana faɗaɗa, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, ko bororo ya yi yawa, ko an yi mako 2 babu sauƙi. Idan kuwa leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan na gaggawa ne a tafi a lokacin ko tsakar dare ne, ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis da zarar ya ce ƙuraje, waɗanda idan ka karanta kwalin za ka ga betamethasone ko clobetasol a ciki. Suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri, gaskiya ne, shi ya sa ake son su. Amma magunguna ne masu ƙarfi, kuma tunda ƙwaron yana nan yana sake cizo kullum, sai a yi ta shafawa wata da watanni, har ana zuba su cikin man shafawar jarirai. Ƙarshenta fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, wani wuri ya yi fari wani ya yi baƙi, makero ya samu wurin zama, jariri kuma fatarsa tana zuƙe maganin ya shiga jikinsa. Haka masu bin baƙin tabon da man bilicin, tabon da zai tafi da kansa idan an daina cizo an daina susa, sai a musanya shi da lalacewar da ba ta gyaruwa. Su kalanzir, man birki, ruwan batir, toka, man goge baki ko tafarnuwa da ake murzawa a kan ƙurji kuwa ƙona fata kawai suke yi, don Allah a bari.

Maganar ƙazanta, da dalilin da ya sa ya yi yawa yanzu

Nan mutane suka kasu biyu. Wasu sun tsaya kan cewa duk gidan da ka ga kuɗin cizo to matar gidan ƙazama ce, wasu kuma suna cewa babu ruwansa da tsabta ko kaɗan. Magana ta biyu ta fi kusa da gaskiya amma ita ma da saura. Ƙwaron ba datti yake ci ba, jini yake sha, kuma shigo da shi ake yi, a jakar ɗan makaranta, a akwatin matafiyi, a kayan gwanjo, a katifa ko kujerar da aka saya ta hannu, a kujerar motar haya mai tafiyar dare, a bargon da aka yi jinya da shi. Hukumar ANSES, mai kula da lafiyar abinci da muhalli a Faransa, ta fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, kuma ba ta ga alaƙa tsakanin yawan abin da magidanci yake samu da shigar ƙwaron gidansa ba. Inda talauci yake shigowa shi ne wajen fitar da shi. Mai hali zai kira masu feshi ya sauya katifa, wanda yake ɗaki ɗaya da yara shida da kaya jibge a gidan haya mai ɗaki goma, bango duk tsaga, shi ko ya kashe na ɗakinsa na maƙwabta za su rarrafo. Cunkoso da tarin kaya suna ba shi maɓoya, wannan gaskiya ne, amma mace mai share ɗakinta sau uku a rana ma yana shiga gidanta, kuma gorin da ake yi mata shi yake sa ta yi shiru har ya bazu.

Game da yawansa kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu maganin feshin ƙwari da ake kira DDT ya kusa share shi a Turai da Amurka, sai daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo da ƙarfi. Dalilan da masana suka fi ambata su ne yawan tafiye-tafiye da kuma yadda ƙwaron ya saba da magungunan feshi, musamman dangin maganin da ke cikin gwangwanin feshin sauro da wanda ake jiƙa gidan sauro da shi. Shi ya sa za ka feshe ɗaki da gwangwani guda sauro ya zube kuɗin cizo kuwa ya ƙara shigewa lungu.

Fiya-fiya da bom

Da feshin kanti ya gaza sai a koma fiya-fiya ko Sniper, a yayyafa a katifa da filo a rufe ɗaki, da dare a kwanta a kai. Sinadarin da ke ciki, dichlorvos, guba ne da yake shiga ta numfashi da ta fata, yana kawo dalalar yawu, amai, ciwon ciki, sarƙewar numfashi, yana kuma kisa, yara da masu asma su ya fi saurin kayarwa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai, na gona ne ba na ɗakin kwana ba, amma har yau ana samunsa a teburin mai kayan koli.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake sawa a rumbu ko buhun wake da masara, wadda manoma ke kira bom. Idan ta sha danshin iska tana fitar da iskar guba mai ratsa tsagar bango da silin ta shiga ɗakin da ba a sa ta ba, kuma babu maganin da ke karya ta. A 2015 a Kanada yara biyu 'yan gida ɗaya sun mutu bayan an sa irin wannan ƙwaya a gidan don kashe kuɗin cizo, a ƙarshen 2021 kuma a Landan wata yarinya 'yar shekara 11 ta mutu saboda maƙwabciyarsu ta ƙasan bene ta sa a nata ɗakin. Ƙwaron da ba ya kisa, bai kamata a yi asarar rai wajen korarsa ba. Duk wanda aka yi feshi a gidansu ya fara amai ko jiri ko numfashi sama-sama, a fitar da kowa waje a buɗe ƙofofi a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Abin da yake aiki a ɗaki

Zafi shi ne abin da har yau ƙwaron bai saba da shi ba, yana kashe babba da ƙwai. Zanin gado, rigar filo, labule, gidan sauro da tufafi a zuba su a leda a ɗaure tun daga cikin ɗakin don kada a yi ta zubar da su a hanya, a jiƙa su a ruwa mai zafin gaske, digiri 60 ko sama, sannan a shanya a bi da dutsen guga musamman kan ɗinki. Abin da ba ya wankuwa, kamar takalmi da jaka, a ɗaure a baƙar leda ba a cika ta ba a ajiye a tsakiyar rana wuni guda ko biyu, ranar Maris da Afrilu tana taimakawa a nan. Dabarar iyayenmu ta fitar da gado tsakar gida a kwance shi a kwarara masa tafasasshen ruwa a duk mahaɗa tana nan da amfaninta, a dai kawar da yara daga wurin. Katifa mai kauri ita ce mai wuya, shanya ta a rana kawai ba ya isa don suna gudu ɓangaren da yake da sanyi, sai an bi ɗinkin da buroshi mai tauri an kankare ƙwan an bi da guga, sannan idan da hali a ɗinka mata rigar leda mai kauri a rufe ta ruf a bar ta a haka kamar shekara guda, na ciki ba za su fito ba. Ba dole sai an jefar da ita ba, idan kuwa ta yage ta zama gidansu to a farke ta ko a ƙona kafin a fitar, don idan aka ajiye ta a bola lafiyayya kafin magariba wani ya ɗauke ta ya kai wa iyalinsa.

A toshe tsagar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango, kada zanin gado ya riƙa jan ƙasa, a rage kayan da ke ƙarƙashin gado. Idan za a yi feshi a nemi wanda aikinsa ke nan kuma a tambaye shi sunan abin da zai fesa da awa nawa za a yi kafin a shiga. Kowace hanya aka bi sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, saboda ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe, kuma rashin maimaitawar nan ne yake sa a ce an yi magani bai yi ba.

A gidan haya kuwa sai an cire kunya an yi magana da maƙwabta da mai gida an sa rana ɗaya kowa ya fito da kayansa, in ba haka ba daga wannan ɗaki za su riƙa komawa wancan. Yaran da suka dawo daga makaranta a tare akwatinsu da katifarsu a tsakar gida, a wanke a goge kafin komai ya shiga ɗaki, sannan iyaye su haɗu su gaya wa hukumar makarantar a gyara ɗakunan kwanan lokacin hutu, gadaje da bango duka, tun kafin yaran su koma.